Hokin ƙanƙara ya yi lami ne, ko kewar jiya ke damun masu kallo?

Ranar 15 ga Fabrairun 2025, a birnin Montreal, alƙalin wasan hokin ƙanƙara ya saki faifai, ɗan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, tsakanin 'yan wasan Amurka da na Kanada. Kafin faifan ya gama juyawa a kan ƙanƙara, Matthew Tkachuk da Brandon Hagel sun yar da sanduna, sun tuɓe safar hannu, sun kaure da dambe. Aka raba su, aka sake sakin faifai, sai ƙanin Matthew, wato Brady, ya cakumi Sam Bennett. Aka raba. Can kuma sai ga J.T. Miller da Colton Parayko suna bai wa hammata iska. Faɗa uku cikin daƙiƙa tara na agogon wasa. Mutum sama da dubu ashirin suna tsaye a filin, muryoyi sun dusashe saboda ihu.

Wannan dare ya sake hura wutar wata tsohuwar gardama tsakanin masoya wasan a Kanada da Amurka. Wani ɓangare ya ce: kun ga abin da muka rasa ke nan, wasan da ake yi yanzu a gasar NHL ya zama tuwo ba gishiri. Ɗaya ɓangaren ya ce ba a taɓa buga wasan nan da kyau kamar yau ba, masu ƙorafi tsufa ne kawai ya kama su. Ni ina cikin masu hana idonsu barci saboda wasan nan, domin wasan da aka take da ƙarfe bakwai na yamma a Toronto ko New York, a nan wajenmu ɗaya na dare ta yi a lokacin sanyi. Don haka gardamar ta dame ni, kuma na ga kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki sauran.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, wasan a taƙaice shi ne mutum shida shida, ɗaya gola ne, suna zamiya a kan daskararren ruwa da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa. Abin da suke bi da sanda wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci uku. Filin ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi, an kewaye shi da katako da gilashi, kuma doka ta yarda ka bangaje wanda ke riƙe da faifan ka haɗa shi da bango. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Gudun ya kai yadda ɗan wasa bai cika wuce daƙiƙa 45 a ciki ba sai ya tsallake katako ya zauna, wani ya faɗa, wasa bai tsaya ba. NHL, wadda aka kafa a Montreal a 1917, ita ce babbar gasar duniya, ƙungiyoyi 32 ne a cikinta yanzu. Zan riƙa cewa ƙwallo idan ana maganar ci, don shi kunnenmu ya saba da shi.

Abu na farko da mai ƙorafi kan faɗa shi ne an daina cin ƙwallo. Idan da shekarun 1980 yake gwadawa, yana da hujja. A kakar 1981-82 ana cin ƙwallo takwas a kowane wasa idan aka raba daidai, kuma a kakar ce Wayne Gretzky na Edmonton Oilers ya ci 92 shi kaɗai. Bayan shekara huɗu ya tara maki 215, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci. Amma duk wanda ya koma ya kalli tsofaffin bidiyon nan da idon basira zai ga dalili. Gololin lokacin ƙanana ne, kayan jikinsu sirara, a tsaye suke tare faifai, sai ka ga an buga daga nesa ya wuce ta gefen ƙafar mutum yana kallo. Daga baya Patrick Roy da kocinsa François Allaire suka yayata salon durƙusawa, gola ya zube a gwiwa ya baza ƙafafu ya toshe ƙasan raga gaba ɗaya. Gololi suka ƙara tsawo, kayansu suka kumbura, ita kuwa raga tana nan yadda take, ƙafa shida a faɗi, huɗu a tsayi.

Lokacin da wasan ya yi lami da gaske ya riga ya wuce, kuma abin mamaki shi ne da yawa daga masu kewar jiya a lokacin suka taso. A 1995 New Jersey Devils ƙarƙashin koci Jacques Lemaire ta lallasa Detroit Red Wings wasa huɗu a jere ta ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, da wani salo da ake kira tarko. Mutum ɗaya ne zai je ya kora mai faifai zuwa gefe, sauran huɗun su cunkushe tsakiyar fili, su jira kuskure. Da sauran ƙungiyoyi suka ga salon ya ci kofi kuma ba ya buƙatar taurari masu tsada, sai kowa ya kwaikwaya. Ga kuma alƙalai sun kawar da kai daga riƙe riga da maƙala wa mutum sanda a ƙugu, har gwani ya riƙa jan mai tsaron baya a bayansa kamar jaki da kura. A kakar 2003-04 ƙwallayen sun sauko zuwa biyar da ɗoriya a wasa. Wanda ya fi kowa maki, Martin St. Louis, 94 ya samu, kuma babu wanda ya wuce ƙwallo 41.

Daga nan rikicin kuɗi ya sa masu ƙungiyoyi suka rufe wa 'yan wasa ƙofa, kakar 2004-05 ta tafi ɗungurungum ba a buga ko wasa ɗaya ba, karo na farko da ba a ba da kofin ba tun 1919. Da aka dawo, hukumar gasar ta san sai ta lallashi jama'a. Aka soke dokar da ta hana doguwar miƙa faifai ta tsallake layi biyu, aka rage girman kayan gola, aka zana masa iyaka a bayan raga inda zai iya taɓa faifai, aka umarci alƙalai su hura usur kan kowane riƙo. Aka kashe canjaras, aka kawo bugun daga kai sai gola. Aka kuma ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 39 a shekarar farko.

Gyaran bai kama nan take ya zauna ba. Kociyoyi sun sake gano hanyar toshewa. A Nuwamban 2011 an yi wani abu a Tampa da har yau ake ba da labarinsa. 'Yan Tampa Bay Lightning sun jera a tsakiyar fili bisa tsarin kocinsu Guy Boucher, suna jiran Philadelphia Flyers ta kawo kanta. Masu tsaron bayan Philadelphia kuwa suka ƙi. Mutum ya tsaya a gidansu da faifai a bakin sanda, yana ɗan motsa shi, yana kallon abokan hamayya, su ma suna kallonsa. Babu mai zuwa, babu mai tafiya. 'Yan kallo suka yi ta ihun ba ma so, har sai da alƙali ya hura usur. A kakar 2014-15 kuwa Jamie Benn ya zama zakaran maki da 87 kacal.

To amma a dubi shekarun baya-bayan nan. A kakar 2022-23 ƙwallaye sun haura shida a wasa, Connor McDavid ya tara maki 153. Kakar da ta biyo baya Auston Matthews ya ci 69, Nikita Kucherov ya tara maki 144, shi da McDavid kowanne ya taimaka an ci ƙwallo 100. A Afrilun 2025 Alexander Ovechkin ya ci ta 895, ya wuce tarihin Gretzky da aka daɗe ana cewa babu mai taɓa shi. Kuma duk wannan a gaban gololin da suka fi na da girma da horo ake yinsa. Saboda haka wanda ya ce ƙarancin ƙwallo ne ya gundure shi, alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, akwai abin da ke damunsa, sai dai ya kira shi da sunan da ba nasa ba.

Abin da na fi yarda da shi a cikin ƙorafin shi ne kowa ya koma kama da kowa. A da kana ganin ƙungiya ka san halinta. Philadelphia ta 1974 da 1975 da ƙarfin tuwo ta ci kofi, Montreal ta ƙarshen shekarun 1970 da gudu da gwaninta, Edmonton ta Gretzky ba ta damu a ci ta biyar ba muddin za ta ci bakwai. Yau yaro tun yana ɗan shekara goma yana da mai koya masa zamiya, kowace ƙungiya tana da ɗakin bidiyo da masu lissafi da kwamfuta, kuma lissafin nan amsa ɗaya yake ba kowa: kada ka yi asarar faifai a bakin layi, kada ka buga daga nesa, ka kai shi gaban raga. Shi ya sa bugun nan mai ƙarfi da ake ɗaga sanda sama a sauke, wanda ƙararsa ke cika fili, ya ja baya sosai. Ƙayyade albashi ma ya taimaka, domin ƙungiyar da ta tara gwanaye ba ta iya riƙe su, dole ta sallami wasu. Masu kallon ƙwallon ƙafa a gidajen kallonmu sun san wannan ciwon. Sau nawa ka ji ana cewa tun da kowa ya koma buga gajeren fasin daga gola, an daina samun masu yanka irin su Okocha da Ronaldinho? Ciwon ɗaya ne.

Gudun ma da ake alfahari da shi yana da nasa farashin. Idan kowa a fili yana da sauri, sarari yakan ƙare. Mai faifai ba ya samun daƙiƙar da zai ɗaga kai ya yi tunani, sai wasan ya koma kai-kawo, a watsa faifai kusurwa a bi shi, a ƙwato a sake watsawa. A talabijin, musamman a ƙaramin allon waya, ido kan gaji da wannan. Amma idan gwani ya ɓalle daga cikin cunkoson nan, abin da zai yi ya fi na da wuya nesa ba kusa ba. A Disamban 2021 Trevor Zegras na Anaheim yana bayan raga ya ɗauki faifai a kan bakin sandarsa kamar mai ɗibar wuta da cokali, ya cilla shi ta saman raga, Sonny Milano ya doke shi a iska ya shiga. Bayan haka tsohon koci John Tortorella ya fito a talabijin yana cewa irin wannan ba alheri ba ne ga wasan. Wannan ya nuna mini cewa wani ɓangare na masu cewa wasan ya yi lami su ne kuma ke tsawata wa yaran da suka zo da sabon abu.

Sai maganar faɗa, wadda ita ce zuciyar gardamar ko da ba a ambace ta ba. A hoki faɗa ba ya jawo kora kai tsaye a NHL, zaman minti biyar ne a bencin masu laifi. Shekara da shekaru kowace ƙungiya tana ajiye dogari, ƙato wanda aikinsa shi ne duk wanda ya taɓa tauraron ƙungiya ya ɗanɗana kuɗarsa. Dave Schultz na Philadelphia ya yi minti 472 a bencin laifi a kaka guda. Jama'a suna son mutanen nan ƙwarai, don galibinsu masu sauƙin kai ne a waje, kuma talaka yana ganin kansa a cikinsu. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda jama'a ke tashi idan aka buga wa ɗan dambe kiɗansa, ba zai yi mamakin wannan so ba.

Amma a tuna 2011. A watan Mayu aka tsinci gawar Derek Boogaard yana da shekara 28, bayan ya haɗa giya da maganin kashe zafi. Ya buga wasa 277 a gasar, ƙwallo uku ya ci, sauran aikinsa duk naushi ne. Da likitocin Jami'ar Boston suka binciki ƙwaƙwalwarsa, sun sami cutar nan da yawan bugun kai ke haddasawa, wadda aka samu a ƙwaƙwalwar Bob Probert da ya rasu shekara guda kafin nan. A watan Agusta Rick Rypien ya rasu yana da shekara 27, kafin watan ya fita Wade Belak ya bi shi yana da 35. Dukkansu aikin dogari suka yi. A farkon wannan shekarar kuma Sidney Crosby, gwanin gwanayen lokacin, ya sha bugu biyu a kai cikin 'yan kwanaki, ya yi watanni ba ya wasa. Dokar hana dukan kai ta fara aiki tun 2010, aka ƙara tsaurara ta, kuma ƙungiyoyi suka ga ba za su iya ɓata gurbi da albashi kan mutumin da ba ya iya gudu ba. Dogarai suka ɓace a hankali. Ni dai ban ga yadda zan zauna a ɗakina da shayi a hannu in nemi saurayi ya sayar da ƙwaƙwalwarsa don kada in yi hamma ba. Idan wannan ne gishirin da ake kewa, gara a ci tuwon haka.

Sai dai na lura ba naushin kansa mutane ke nema ba, gabar da ke haifar da shi suke nema. Ranar 26 ga Maris 1997, da Darren McCarty na Detroit ya far wa Claude Lemieux na Colorado, har gololi biyu, Roy da Mike Vernon, suka haɗu a tsakiyar fili, abin yana da tushe: a kakar da ta gabata Lemieux ya tura Kris Draper na Detroit daga baya ya farfasa masa fuska a jikin katako. Kowa a Detroit ya kwana da abin a ransa wata goma. Haka daren Montreal: an shafe shekaru manyan 'yan wasan ƙasashen biyu ba su haɗu da rigar ƙasa ba, tun da NHL ba ta saki 'yan wasanta zuwa gasar Olamfik ta 2018 da ta 2022 ba, ga kuma zafin siyasa, Shugaba Trump yana maganar haraji da mayar da Kanada jiha ta 51, har 'yan kallo suka yi wa taken Amurka ihu. Bayan kwana biyar ƙasashen suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Boston. Ba a yi faɗa ko ɗaya ba, McDavid ya ci a ƙarin lokaci, Kanada ta yi nasara 3-2, kuma babu mai hankalin da ya ce wasan ya gundure shi.

Gaba kuwa sai da yawan haɗuwa take tsiro. Zamanin da ƙungiyoyi shida ne kawai, daga 1942 zuwa 1967, an kai lokacin da kowace ke haɗuwa da kowace sau 14 a kaka. Bayan dawowar 2005 maƙwabta, wato 'yan rukuni ɗaya, suna haɗuwa sau takwas. Daga baya ya koma sau uku ko huɗu, kuma 'yan wasa suna sauya riga akai-akai, da yawansu wakili ɗaya gare su, tare suke atisaye a lokacin hutu. Toronto za ta tafi Seattle ko Utah a daren Talata cikin Janairu, babu tarihi, babu bashin da za a biya. A nan ne lamin yake zaune.

Tsarin maki ya ƙara dagula lamarin. Wanda ya yi nasara yana samun maki biyu, amma tun 1999 wanda aka doke bayan cikar lokaci yana tafiya da ɗaya. Ke nan idan ana kunnen doki saura minti biyar, hankali ya ce kowa ya kame, a raba maki ɗai-ɗai tukuna sannan a yi takarar na ukun. Lokacin da ya kamata wasa ya fi zafi shi ne lokacin da kociyoyi ke ja da baya. Gasar mata ta PWHL da wasannin ƙasa da ƙasa suna ba da maki uku ga wanda ya ci cikin lokaci, kuma ban ga abin da ya hana NHL bin sahu ba illa son a ga teburi a cunkushe har ƙarshen kaka. Ƙarin lokacin mutum uku uku ban da gola da aka kawo a 2015 ya fara da armashi, kowa na kai hari ba ji ba gani, amma cikin 'yan shekaru kociyoyi suka koya wa yara su riƙa komawa baya da faifai suna zagaye har sai an ga ƙofa. A shekarar ce kuma aka fara bai wa koci damar ƙalubalantar ci saboda satar gida. An yi haka ne don gudun irin abin da ya faru a 2013, lokacin da Matt Duchene ya ci ƙwallo yana cikin satar gida da tazarar da makaho ma zai gani. Yanzu kuwa sai a ci, fili ya kaure da murna, sannan kowa ya zauna minti uku ana auna ko kaifin takalmin wani ya riga faifai tsallake layi rabin minti kafin cin. Wanda ya san abin da VAR ya yi wa murnar ƙwallo a Ingila ba ya buƙatar ƙarin bayani. Ƙara da tallace-tallacen da ake sauyawa da kwamfuta a jikin katako tun 2022, suna motsi a gefen ido yayin da kake neman ɗan faifai mai inci uku, da tallan caca da ya cika hutun zango.

Duk wannan ƙorafi yakan mutu a tsakiyar Afrilu. Da an shiga zagayen neman kofi, ƙungiyoyi 16, kowace karawa sai wani ya ci wasa huɗu cikin bakwai, babu makin jaje, babu bugun daga kai sai gola, idan an yi kunnen doki a ci gaba da zango bayan zango har sai wani ya ci. Boston ta kafa tarihin nasara 65 a kakar 2022-23, Florida da ta shigo da ƙyar ta fitar da ita a zagayen farko. A shekarar ce Florida da Carolina suka yi ƙarin zango huɗu a wasa guda. A 2024 Edmonton ta tashi daga ci uku ba ko ɗaya ta rama ukun, sannan Florida ta doke ta 2-1 a wasa na bakwai, Kanada ta ci gaba da jiran kofin da rabonta da shi tun Montreal a 1993. 'Yan wasan su ne dai na watan Janairu, dokokin ma kusan duk su ne. Abin da ya sauya shi ne mutum zai ga fuska ɗaya sau bakwai cikin mako biyu, kuma wanda ya faɗi ya tafi gida.

A yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi da 'yan wasa suka cimma a 2025, an amince kakar ta ƙaru daga wasa 82 zuwa 84 daga 2026-27, kuma ƙarin biyun na maƙwabta ne, yadda kowace ƙungiya za ta haɗu da 'yan rukuninta sau huɗu cif. Na ji daɗin rabin wannan, domin ya nuna sun gane inda ciwon yake. Rabin da ban ji daɗinsa ba shi ne an tsawaita kakar da tsawonta ke cikin abin da ake kuka da shi, kuma makin wanda aka doke yana nan ba a taɓa shi ba.